Bashin da Ya Riga Mai Shi Mutuwa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewar 'yar'uwarta, da fatan ke da maigidanki da yara duk kuna lafiya. Yaya ƙafar taki, har yanzu tana kumbura in kin daɗe a tsaye? Mu nan jiki lafiya, mun gode Allah. 'Yarki ta wajena tana makarantar kwana, sai an yi hutu za ta dawo.

Yaya, jiya na gane abin da aka yi mana. Ina zaune a ofishin lauyoyin nan da ke duba wa marasa hali shari'a kyauta, lauyar da aka haɗa ni da ita, yarinya ce da ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarki ba, ta tambaye ni watan da Mai Firji ya tashi daga shagonmu. Na faɗa mata. Ta ƙirga da yatsunta a bakin tebur, ta sake ƙirgawa, sannan ta cire tabarau ta ce in yi haƙuri, wannan bashin ya mutu.

Na ce mata mijina ne ya mutu, bashin yana nan, wanda ake bi kuma yana nan da ransa har da sabuwar mota. Sai ta yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Wai doka ta ba mai gida shekara shida ya kai ƙarar kuɗin hayar da ba a biya shi ba. In shekarun suka cika bai kai ba, kotu ba za ta saurare shi ba, ko da takardu sun kai tsayin mutum. Kuma wai kowane wata da nasa wa'adin, haka suke faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗora yatsa a kan kalandar bango ta nuna mini watan da na ƙarshensu ya faɗi.

Yaya, na san wannan watan. Watan da Mai Firji ya daina zuwa duba maigida ne.

Ban yi kuka a wurin ba. Abin da na yi shi ne na tambaye ta inda banɗaki yake, na shiga na yi amai.

Bari in ba ki labarin daga farko, don ke a ido kawai kika san mutumin. Shi ne dogon nan da ya riƙe miki jaka ranar da kika zo mana gaisuwa, har kika ce Allah ya yi masa albarka. Shi ya kama hayar babban shagon gaban gida, mai ƙofa biyu da sito, yana gyaran firji da fanka. Da farko yana biya. Daga baya sai uzuri, yau matarsa ta haihu, gobe ɓarayi sun shiga, jibi kaya sun maƙale a hanya, har kusan shekara uku suka taru. Da ya samu wuri a bakin babban titi ya tashi da rana tsaka, da sallama da godiya. Mijina da kansa ya taya shi loda kaya a mota. Kin san wanda kike kira Sarkin Haƙuri. In na yi magana sai ya ce ba a kai mai iyali kotu, ai ba guduwa ya yi ba, ga shi can kowa na ganinsa.

Haka aka yi ta tafiya har ciwon ƙodar nan ya kwantar da shi, likita ya ce sai wankin ƙoda sau biyu a mako. Kuɗin sallamarsa na tuƙin motar makaranta suka tafi a wata kaɗan, ƙanƙarar da nake sayarwa kuwa ko cefane ba ta kammalawa. Ranar na zauna a bakin gado na yi ta magana har ya yarda zai ga lauya. Amma don ladabi irin nasa sai ya ce ba ya so mutumin ya ji a bakin wasu, ya ɗauki waya ya sanar da shi da kansa.

Kafin mako ya zagayo sai ga Mai Firji da buhun shinkafa da fanka mai caji. Ya durƙusa a gaban gado ya kama ƙafar maigida yana kuka, wai ashe Yayansa na cikin wannan hali ba a gaya masa ba. Ya ce a ba shi lokaci kaɗan, akwai kwangilar da yake jira, rana ɗaya zai kawo kuɗin a dunƙule don su yi amfani. Maganar lauya ta mutu a nan.

Daga ranar kowace Asabar sai ya zo. Yaya, ban taɓa ganin jinya irin tasa ba. Shi ke yi wa maigida aski, ya gyara masa gemu, ya yanke masa farce har na ƙafa. Ya goya shi a baya zuwa mota in za a tafi asibiti. Su kunna rediyo suna sauraron ƙwallo suna musu, mijina na kiransa Injiniyan ƙarya, shi kuma yana kiransa Direban da bai taɓa wuce keke ba. Firjina in ya yi tari kaɗan, kafin in yi magana ya kwance bayansa. Maƙwabta har cewa suke ɗan'uwa na jini ma sai haka.

Lauyar ta yi mini tambaya biyu. Ta ce ya taɓa biyan wani abu daga cikin bashin, ko yaya ƙanƙantarsa? Ya taɓa rubuta cewa ana binsa, ko a saƙon waya ne? Wai da ɗaya daga cikin biyun ya faru, da ƙirgen shekarun ya koma farko.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Akwai ranar da allura ta ƙare, maigida ya ce masa ya rage ko kaɗan daga cikin kuɗin a sayo. Ya dafe ƙirji ya ce haba Yaya, wannan ai cin fuska ne, in saya maka magani kuma in cire a bashi? Ya tashi ya tafi kantin magani da ƙafarsa ya sayo. Da ya dawo ya juya wajen maƙwabcinmu tela da ke zaune ya ce ka zama shaida, wannan kyauta ce, ba ta shafi komai ba. Tela har ya share hawaye. Duk abin da ya taɓa kawowa gidan nan sai ya faɗi haka, kuma sai a gaban mutane. Kuɗi kuwa bai taɓa sa wa ɗayanmu a hannu ba, ko na mota.

Da na dawo gida na caja wayar marigayi na duba. Saƙonninsa suna nan a jere, yana tuna masa cikin kunya, kowanne da ban haƙuri a gaba. Babu amsa ko ɗaya. Na tuna yadda yake yabonsa a kan haka, wai yaron nan akwai tarbiyya, ba ya amsa wa babba da rubutu, sai dai ya kira ko ya zo da kansa.

Abin da ya kai ni ofishin ma ban faɗa miki ba. Kin san gidan nan na su biyu ne, marigayi da ƙaninsa. Bayan an watse daga zaman makoki ƙanin ya zo da lissafin abin da ya kashe a asibiti, ya ce ga yadda za a yi cikin sauƙi: shi ya riƙe kason marigayi na gidan, ni da yarinya mu riƙe bashin Mai Firji gaba ɗaya, in na karɓo na kawo masa kafin ƙarshen shekara, ɗaki da falon da muke ciki sun zama namu har abada. Na ga ai da adalci. Mai Firji ya zo gaisuwa ya yi kukan da ya fi na kowa, ya ce abin da ke tsakaninsa da marigayi ba zai taɓa mantawa ba. Na ɗauka alkawari ne. Na sa hannu a gaban shaidu. Da na yi ta kiran Mai Firji ba ya ɗauka, shi ne wata mai sayen ƙanƙarata ta nuna mini ofishin.

Ba maganar ɗakin ce ta fi ci mini rai ba tukuna. Bayan ya daina zuwa, maigida ya yi kusan wata biyu a duniya. Duk Asabar sai ya ce a yi masa wanka da wuri, a sa masa riga mai tsabta, a jawo masa kujera kusa da ƙofa inda zai hango mai shigowa. Ni kuma in yi ta ƙirƙiro uzuri, yau ya yi tafiya, yau motarsa ta lalace. Gemu ya taru masa, na ce in kira wanzami, ya ce a bari, Injiniya na zuwa, zai ji haushi in ya tarar wani ya yi masa aikinsa. Da wannan gemun aka yi masa wankan ƙarshe.

Ki gaishe mini da kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da mutanen gidanki. Takardarki ta iso, da man shafawar da kika aiko, Allah ya bar zumunci. Na ji daɗi da kika ce ƙafa ta yi sauƙi, amma ki rage hawa benen nan don Allah, yaran me suke yi?

Kin ce in je in samu Mai Firji ido da ido, wataƙila doka ta sake shi amma tsoron Allah ya kama shi. Na je, Yaya.

Shagon nasa yanzu ba shago ba ne. Ƙofar gilashi ce mai buɗe kanta, ciki sanyi kamar an shiga firjin da kansa, injinan sanyaya ɗaki a jere har rufi. Ya daina gyara, sayarwa yake yi. Na tsaya a bakin ƙofa da silifas ɗina ina jin kunyar ƙurar da na shigo da ita. Yana hango ni ya taso da fara'a yana cewa a'a, matar Yaya ce da kanta, a kawo lemo mai sanyi. Ya shigar da ni ofis ya ba ni kujera mai juyawa. Kafin in buɗe baki ya ce in ɗora wayata a kan tebur, yana dariya, wai zamanin nan waya ta fi mutum kunne. Na ɗora. Ban ma san ana naɗar magana da irin tawa ba.

Na ce masa na zo ne a kan kuɗin haya. Ya ce shi bai ce akwai ba, bai ce babu ba. In ina ganin ina da haƙƙi, kotu a buɗe take, ranar da alƙali ya ce ya biya, kuɗin za su riga ni isa gida. Ya faɗi haka a hankali yana juya makullin mota a yatsa.

Na ce to bar maganar kuɗi. Ka gaya mini, lokacin da kake yanke masa farce, kwanaki kake ƙirgawa? Na ɗauka zai ji kunya. Sai ya ce, shin askin bai yi kyau ba ne? Ya ce shekara ɗaya da rabi yana jinyar mijina, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya sau nawa ya goya shi? In lissafi nake so, in je asibiti in tambayi abin da ake biyan mai jinya a wata, sannan in dawo mu ga wa ke bin wani. Ya ce shi bai taɓa yi wa marigayi ƙarya a takarda ba. Ya ce kuma ba shi ya hana shi zuwa kotu ba, ƙafafunsa ma shi ya riƙa zame masa.

Na tambaye shi abu ɗaya na ƙarshe. Na ce tunda ka riga ka tsira, me zai rage ka da ka ci gaba da zuwa wata biyun nan? Mutumin yana zaune a bakin ƙofa yana jiranka. Ya duba agogo ya ce harkoki ne suka yi yawa. Da zan fita ya sa aka bi ni da lemon da ban sha ba a leda, ya ɗaga murya don ma'aikatansa su ji ya ce, kyauta ce.

Na ajiye ledar a bakin titi. Daga baya na ji haushin kaina, don da na kawo na sayar.

Yaya, akwai abin da ban iya gaya wa kowa sai ke. Maganarsa ɗaya gaskiya ce. A duk tsawon ciwon nan, ranakun Asabar ɗin ne kaɗai na ji dariyar mijina. Ni kullum da magani nake zuwar masa, da kar ka sha ruwa da yawa, da kar ka ci gishiri. Shi kuwa da ƙwallo da tsokana yake zuwa. Akwai ranar da na leƙo daga kicin na gan su, kan maigida a jingine da kujera, ido a rufe, kumfa a fuska, yana murmushi kamar jaririn da ake wa wanka. Na yi wa Mai Firji addu'a a ranar har da 'ya'yansa da jikokin da bai haifa ba. Yanzu in na tuna wannan fuskar ban san abin da zan yi da ita ba. In na ce ƙarya ce, to mijina bai yi farin ciki ko sau ɗaya ba kafin ya tafi. In na ce gaskiya ce, to na gode wa wanda ya yanka mu. Wani lokaci ina cewa gara da ya tafi bai sani ba. Wani lokaci kuma sai in ji haushinsa shi ma, Allah ya gafarta mini, in ce da ya bar haƙurin nan ya sa takalmi ya je ofishin nan tun yana iya taka ƙasa, da yau ba na rubuta miki wannan.

'Yarki ta bugo daga wayar malamarsu ranar Lahadi. Tana tambaya ko an gyara yoyon da ke saitin gadonta, kuma wai in gaishe mata da Kawu Injiniya, shi ne ya yi mata alkawarin agogon hannu in ta ci jarrabawa. Na ce to.

Kin ce mu tattara mu dawo wurinki. Na gode, kuma na san da zuciya ɗaya kika faɗa. Amma ku bakwai ne a ɗaki biyu, kuma shekara ɗaya ta rage wa yarinyar nan ta gama. Masu sayen ƙanƙarata ma a nan suke. Bari in ga ƙanin maigida tukuna. Bai san bashin ya mutu ba lokacin da ya ba ni, in na yi masa bayani ai zai sake duba rabon. Yarinyar nan 'yar ɗan'uwansa ce, a hannunsa aka fara sa ta ranar da aka haife ta.

Ki miƙa gaisuwata ga maigidanki, ki ce na gode da saƙonsa. Allah ya bar mu tare.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ke da yara da babansu. Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban amsa ba. Ba ciwo na yi ba, yawo ne ya yi yawa, in na dawo sai hannu ya ƙi riƙe biro.

Na je wurin ƙanin maigida. Na same shi yana wanke mota a ƙofar gidansa, bai ce in shiga ba, matarsa ce ta miƙo mini kujera ta taga. Na yi masa bayani duk yadda lauyar ta yi mini, har da shekara shidan. Bai daina goge gilashi ba. Ban ga mamaki a fuskarsa ba, Yaya, ko na ƙarya. Na ce masa ko dai ka sani ne tun farko? Ya matse tsumma ya ce shi ya rubuta dokar? Ya ce an ba ni zaɓi a gaban mutane na zaɓa, ba wanda ya riƙe mini hannu. Da bashin ya fito da riba ai ba zan kawo masa kaso ba, to don me zan kawo masa asara? Na ce yarinyar fa? Ya ce yarinya tasu ce, duk ranar da na gaji in kawo ta, matarsa na neman mai taya ta aiki.

Na koma wurin lauyar. Ta ce akwai ɗan haske ta wajen kason yarinyar, don ba ta kai shekarun da za a sa hannu a madadinta haka kawai ba. Amma ta ce kar ta ruɗe ni, shari'a ce mai cin shekaru, kuma kafin a samu takardar da za ta tsayar da ciniki sai an ajiye kuɗin da ni ban taɓa riƙewa ba. Ta rubuta sunana a jerin masu jira. Da zan tafi ta ba ni kuɗin mota daga jakarta, ta kawar da kai don kar mu haɗa ido.

Ba a jira ƙarshen shekarar ba. Makon da ya wuce ina cikin ɗaura ƙanƙara na ji ana jan awo a tsakar gida. Na fito na ga magini da igiyar awo, a bayansa Mai Firji, hannu a aljihu yana kallon rufi. Shi ya sayi gidan. Tela ya ce mini tun maigida yana asibiti a kwanciyarsa ta ƙarshe ake ganin motarsa da ta ƙanin maigida a wuri ɗaya, shi dai bai so ya ɗaga mini hankali ba. Ban sani ba ko tare suka shirya, ko kowa nasa ya ci suka haɗu a hanya. Sanin ma ba zai ƙara mini komai ba.

Ya shiga ko'ina bai nemi izini ba. Ai ya san gidan, har inda muke ajiye makullin banɗaki. Ya tsaya a ɗakinmu ya nuna wa magini bangon da gadon marigayi ke jingine, ya ce nan za a fasa a fitar da ƙofa in an tashi mai da wurin sito. Magini ya ja alli a bango, a saman matashin.

Sannan ya ce a ba shi kujera zai yi magana da matar Yaya. Ya ce shi ba butulu ba ne, ba zai jefa iyalin marigayi a titi ba. Falon zai ɗauka, amma ɗakin zai iya ɗaga aikinsa ya bar mini haya. Ya ciro takarda shafi huɗu, an buga ta da inji, har an rubuta sunana. Kuɗin shekara a gaba. Mutum biyu masu albashi su tsaya mini. In wata ɗaya ya wuce ban sabunta ba, lauyansa zai rubuto, ba sai mun ɓata da juna ba. Ya ce in yi haƙuri da yawan sharuɗɗan, 'yan haya ba su da tabbas, shi ya san su. Ya ce shi ba shi da haƙuri irin na Yaya, Allah ya jiƙansa, shi ya sa yake da gida.

Ina riƙe da ledar ƙanƙara, ruwan na bin hannuna yana ɗiga a kan takardar, shi ne ya janye ta ya goge da hannun riga ya ɗora a kan firji. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata, ko in sa hannu ko in ba da makulli.

Tun ranar nake yawon neman ɗaki. Dillali ya ci kuɗin ganin ido sau uku. Wani ɗakin babu wuta, in babu wuta kuwa babu ƙanƙara. Wani a bayan kwata yake, bango jiƙe har kafaɗa. Na samu ɗaya mai kyau kusa da tasha, mai gidan dattijuwa ce mai fara'a, har ta ba ni ruwa. Da ta ji mijina ya rasu sai fuskarta ta canza, ta ce ita ta daina ba matan da ba su da maza, don in suka kasa biya mutum ba ya iya korarsu sai duniya ta zage shi, in ya yi shiru kuma kuɗinsa su mutu. Ta ce ai ban san yadda 'yan haya ke cin mutum ba. Na ce mata haka ne, Hajiya.

Abin da zai ba ki haushi, na zauna na yi lissafi, ɗakin Mai Firji ya fi duk waɗanda na gani sauƙi. Ga wuta, ga masu saye sun san ƙofa, ga gadon yarinya a inda ta saba. In na sayar da 'yan kunnen da Inna ta bar mini da keken ɗinkin da ba na amfani da shi, kuɗin shekarar za su kusa cika. Sai dai duk wata in gan shi ya shigo duba gidansa, in gaishe shi, in ce masa an gode. Jiya na ɗauki biro har na cire murfin, sai na ji kamar maigida na zaune a kujerar nan yana kallona, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na san me zai ce. Cewa zai yi in sa hannu, ai yaron ya kyauta.

Kar ki aiko da kuɗi, na san halin da kuke ciki. In kina da wanda kika sani a nan mai albashi da zai yarda ya tsaya wa mutum, wannan kaɗai za ki taimaka mini da shi, don ko ina na je sai an tambaya.

Ki gaishe da yara ɗaya bayan ɗaya, da maigidanki, da maƙwabciyarki mai yawan tambayata. Allah ya saka miki da alheri, ya bar mini ke.

Ranar Juma'a ake ba su hutu, zan je tasha in taro 'yarki. Takardar tana kan firji ban sa hannu ba, ban samu wani ɗakin ba, kuma har yanzu ban gaya mata gidan ba namu ba ne.

Ƙanwarki,
Auta